Gwajin fitsarin da mai ciwon suga zai nema da bakinsa

Shekara goma sha tara ke nan ina aiki a ɗakin gwaje-gwaje a cikin birnin Kano. Da za a tara fitsarin da ya bi ta hannuna, da ya cika tankar ruwa har ya yi ambaliya. Ba sana'ar da ake bugun ƙirji da ita a majalisa ba ce, abokaina na Ƙofar Na'isa har gobe Sarkin Fitsari suke ce mini. Amma a cikin 'yar robar nan mai jan murfi ƙodar mai ciwon suga take fara kai ƙara, shekaru kafin ƙafa ta kumbura, kuma yawancin mutanenmu ba a taɓa yi musu gwajin da zai ji wannan ƙarar ba.

Kawuna ɗan kasuwa ne a Kantin Kwari, shadda da atamfa yake sayarwa. Shekara goma sha ɗaya ya yi da ciwon suga, kuma ba sakarai ba ne a kan lafiyarsa. Kullum in ya dawo daga masallaci da asuba sai ya huda yatsa ya auna, ya rubuta lambar a bayan littafin bashinsa. Wata rana na je gaishe shi a shago, ya zaro wata takarda daga aljihun gaba ya miƙo mini. Gwajin fitsari ne aka yi masa a wani wuri, an rubuta babu furotin.

"Ka gani ko, ɗana? Ƙodata ƙalau take."

Na ce, "Alhamdu lillahi, Kawu. Amma da kun ƙara da wani gwajin da ya fi wannan gani."

Ya yi dariya ya ce mu mutanen asibiti ba ma rabuwa da neman kuɗin mutane. Ni ma na yi dariya, aka kawo mini lemo na sha, na tafi. Ban matsa ba, kuma wannan rashin matsawar tana damuna har yau. Bayan shekara uku takalminsa sau-ciki ya daina shigarsa, fuska tana tashi da safe, abinci ya fita daga ransa. Ko da aka auna jininsa, ɓarna ta riga ta yi nisa. Ya ƙare a kan injin wankin ƙoda, sau biyu a mako, kusan awa huɗu kowane zama, har jarin shagon ya narke. Allah ya jiƙansa da rahama.

Takardar Kawu ba ƙarya ta yi ba. Abin da ba a gaya masa ba shi ne, gwajin da aka yi masa bai da idon ganin farkon cutar.

Ku ɗauki ƙoda kamar rariyar tankaɗe. A cikin kowace ƙoda akwai ƙananan matatai kusan miliyan ɗaya, kuma a kwana guda suna tace ruwan da ya kai lita 180 daga cikin jini, jiki ya sake tsotse kusan dukkansa, abin da ke fita fitsari bai fi lita ɗaya da rabi zuwa biyu ba. Rariya mai lafiya tana barin datti ya wuce, ta riƙe abu mai amfani. Cikin abin da take riƙewa akwai wani furotin na jini da ake kira albumin. Idan suga ya daɗe yana sama, ga kuma hawan jini yana dannawa, sai idon rariyar ya fara buɗewa, albumin ya riƙa sulalewa cikin fitsari kaɗan-kaɗan. Ba ciwo, ba zafi, ba canjin launi. Ciwon bayan da mutane ke kama ƙugu suna cewa ƙoda ce, galibi ba ita ba ce. Ita shiru take cinyewa.

Shi kuma tsinken nan mai launi-launi da ake tsomawa cikin fitsari a kowane kemis da ƙaramin asibiti, an yi shi ne don kama furotin mai yawa. Kafin ya canza launi sosai, rariya ta jima da yagewa. Haka kumfar da ake cewa a duba a masai: in ta fito, abu ya yi nisa, kuma sau da yawa ma kumfar sabulun wanke bayan gida ce kawai.

Gwajin da nake so ku nema sunansa ACR. Haruffa uku ne, ku rubuta su a takarda ku sa a aljihu. Idan kuka ce wa ma'aikaci "gwajin fitsari" kawai, tsinke zai tsoma muku. Ku ce wa likita ya rubuta ACR, ku kuma tambayi ɗakin gwajin ko suna yi kafin ku biya, don ba kowane wuri ne yake da kayan aikinsa ba. Manyan asibitocin gwamnati da manyan ɗakunan gwaji masu zaman kansu su ne wurin fara tambaya.

Abin da gwajin yake yi shi ne auna albumin, sannan ya gwada shi da wani datti mai suna kiriyatinin wanda tsokar jiki ke fitarwa kusan daidai wa daida kowace rana. Dalilin haɗa su biyun, ku tuna da mai shayi. Cokali ɗaya na suga a ƙaramin kofi zaƙi ne cau, a babban jug kuwa ko ɗanɗanonsa ba za ka ji ba, alhali sugan bai canza ba. Haka fitsari yake. Na wanda ya wuni a rana a watan Afrilu ya yi kauri, na wanda ya sha leda huɗu na fiya wata ya tsinke. Da aka gwada albumin da kiriyatinin, sai kauri da tsinkewar suka daina ruɗa lissafi.

Yaushe ake farawa? Mai nau'in suga na biyu, wanda shi ne na yawancin manyanmu, ranar da aka ce yana da ciwon ya kamata a yi masa, saboda mai yiwuwa ya shekara biyar ko fiye yana yawo da shi bai sani ba. Mai nau'i na ɗaya, wanda ke kama yara da matasa su dogara da allurar insulin, ana fara masa bayan shekara biyar da gano ciwon. Daga nan sai kowace shekara, sau ɗaya aƙalla. Ni nakan ce wa mutane su ɗaure shi da wani abu da ba a mantawa, misali mako biyu bayan ƙaramar Salla, lokacin jiki ya dawo daidai daga azumi.

Zaɓen ranar ma aiki ne, kuma nan ne kuɗin mutane da yawa ke tafiya a banza. Akwai abubuwan da ke sa albumin ya hau na ɗan lokaci alhali ƙoda lafiyarta lau. Zazzaɓi na gaba, ko na cizon sauro ne ko wani. Sai ciwon sanyi na mafitsara, mai sa zafi wajen fitsari. Mace mai haila ta bari sai ta yi wanka da kwana biyu ko uku. Wanda ya buga ƙwallo jiya da yamma, ko ɗan dakon da ya wuni yana sauke buhuna a kasuwar Singa, ya huta kwana guda cur tukuna. Haka in suga ya yi mummunan tashi a 'yan kwanakin, ko jini ya hau ƙwarai, gara a fara saukar da su. Wanda kuma yake ganin jini a ƙarshen fitsari, musamman mutanenmu masu noman rani a wajen Kura da Kadawa, a fara duba tsargiya a yi maganinta.

Ba a buƙatar azumi, kuma kada a daina shan magani saboda gwajin.

To, ɗibar fitsarin. Ku karɓi robar daga ɗakin gwaji tun jajibiri ku tafi da ita gida. Ina roƙonku kada ku nemi wata kwalba. Akwai wata dattijuwa da ta taɓa kawo mini nata a robar zuma, ta ɗauraye ta da kyau a ganinta, ta naɗe da ƙyalle kamar za ta kai gudummawar biki. Na ce, "Baba, wannan ai sai dai mu auna zumar." Ta ce ita dai ta ga robar tana da tsabta, ba ta son ta ɓata ta asibiti. Na ga na kwalbar maganin tari, na ga na ledar ƙanƙara an ƙulle da zare. Duk ba sa aunuwa.

Fitsarin farko na asuba shi ya fi, wanda za ka yi da tashinka kafin alwala, don jiki ya kwana a kwance bai yi wahalar komai ba. Ka wanke hannu, ka yi tsarki da ruwa zalla. Ka fara sakin fitsarin a masai, ka bar na farkon ya wuce, sannan ka tara robar ka ɗebi na tsakiya, ka janye ta ka ƙarasa. Rabin roba ya isa har ya yi yawa. Kada yatsa ya shiga cikinta ko cikin murfin, kada kuma a yi a fo sannan a juye. A rufe gam, a rubuta suna da kwanan wata a jikinta. Na san abin da ke hana dattawa da yawa, tsoron najasa ta taɓa tufa ga salla tana jira. Ku sa ta a leda biyu ku ƙulle, ku ajiye a bayan ƙofar banɗaki, ku yi tsarki ku tafi masallaci hankali kwance.

A kawo shi cikin awa biyu. Zafin Kano ba ya raga wa fitsari, kuma wanda aka jefa a akwatin babur aka biya kasuwa aka biya ɗaurin aure, aka iso mana da azahar, sunansa dai fitsari. In dole za a jinkirta, a sa a firji, ba wajen ƙanƙara ba, in an yi sa'a akwai wuta. Wanda ya taso daga nesa kuma bai samu na asuba ba, ya yi a nan wurinmu, ana karɓa. Sai dai in ya fito sama, a maimaita da na asuba. Wani lokaci likita kan ce a tara na awa ashirin da huɗu a jarka. Wahala ce, kuma mantuwa ɗaya ta rushe shi, shi ya sa ACR ya maye gurbinsa a yawancin lokuta.

Ga yadda ake karanta sakamakon. In lambar ta gaza 30, lafiya. Daga 30 zuwa 300, rariya ta fara yoyo, kuma wannan ne matakin da ake iya taka wa abin birki, wani lokacin ma ya koma baya. Sama da 300, yoyon ya yi yawa. Amma ku dubi 'yan haruffan da ke gaban lambar. Waɗancan alƙaluman na mg/g ne. Wasu ɗakunan gwajin da mg/mmol suke rubutawa, a nan kuma iyakokin 3 ne da 30. Wani malamin makaranta ya taɓa zuwa wurina yana murna, nasa 12 ne, ya karanta a waya cewa ƙasa da 30 ba komai. Da na duba sai na ga mg/mmol ne, wato ya ninka iyakar har sau huɗu. Murnar ta koma ciki, amma gara da ya sani a ranar.

Sakamako ɗaya ba ya yanke hukunci. Albumin yana hawa da sauka daga rana zuwa rana, don haka ƙa'ida ita ce a yi sau uku cikin wata uku zuwa shida, in biyu suka fito sama, to an tabbatar. Kada na farko ya hana ku barci, kada kuma ku ninke shi ku sa a ƙarƙashin katifa.

Fitsari shi kaɗai bai isa ba, yana da abokin tafiya a jini. A ranar da za ku yi ACR ku sa a ɗebi jini a auna kiriyatinin, a lissafa muku abin da ake kira eGFR, wato ƙarfin tacewar ƙoda. In ya tsaya ƙasa da 60 har wata uku, akwai ciwon ƙoda ko da fitsari bai nuna komai ba. Ƙasa da 15 kuwa ƙoda ta gaza. Akwai masu suga da ƙodarsu ke raguwa ba tare da albumin ya taɓa hawa ba, akwai kuma waɗanda albumin ɗinsu ya hau alhali jini yana cewa lafiya. Ɗaya yana gaya maka rariya ta yage, ɗayan yana gaya maka nawa ta rage.

Wannan ilimin ba sabo ba ne. Tun 1982 likitoci a Landan suka nuna cewa ɗan albumin ɗin nan da tsinke ba ya gani yana hasashen ciwon ƙoda ga masu suga, a 1984 kuma wani likita ɗan ƙasar Denmak mai suna Mogensen ya nuna haka ga masu nau'i na biyu, har da cewa sun fi saurin mutuwa. Shi ya sa likitan da ya san aikinsa in ya ga lambar ta hau ba ƙoda kaɗai yake tunani ba, yana tunanin zuciya da shanyewar ɓarin jiki, ya kuma tura ka a duba bayan idonka, don jijiyoyin ido da na ƙoda tare suga yake cin su. Fiye da shekara arba'in ke nan, amma har yau sai in yi mako ban ga takardar da aka rubuta ACR a kai ba.

Ɗalibai da ke zuwa koyon aiki wurinmu sukan tambaye ni sababbin alamomin da ake bincike a kansu, irin su KIM-1 da NGAL da L-FABP. Waɗannan ba yoyon rariya suke nunawa ba, rauni suke nunawa a 'yan bututun da ke bayanta, kuma fatan masu bincike shi ne su kama cutar tun kafin albumin ya motsa. Akwai ma wani gwaji, CKD273, da ke duba ɓurɓushin furotin iri 273 a fitsari lokaci guda. A wani babban bincike da aka yi a Turai aka fitar a 2020, ya iya ware waɗanda suka fi haɗarin fara yoyo, amma maganin da aka gwada ba su bai hana yoyon zuwa ba. Ra'ayina, abin sha'awa ne ga mai karatu, ba abin da mai suga a Kurna ko Ɗorayi zai kashe kuɗinsa nema ba ne yanzu. Mu da ba mu gama yin mai araha ba. Wanda kuma ya ba ka wani ƙarfe ka riƙe a hannu, kwamfuta ta zayyano maka wai ƙodarka ta yi kaza cikin minti biyu, ka riƙe kuɗinka ka yi gaba.

In an tabbatar lambar ta hau, a koma wurin likita da takardun duka uku. Akwai magungunan hawan jini, irin su lisinopril da losartan, da ke rage matsin da ke kan rariyar ita kanta, shi ya sa ake zaɓarsu ga mai yoyon albumin. Ba a haɗa su biyun, ba a ba mai ciki, kuma mace mai shirin ɗaukar ciki ta faɗa tun wuri. Bayan an fara da mako biyu zuwa huɗu ana sake duba jini, a ga kiriyatinin da sinadarin fotashiyam. Wanda lisinopril ya sa wa busasshen tari ya koma a canza masa, kada ya yar da magani ya yi shiru. Akwai kuma sababbin magungunan suga, irin su dapagliflozin da empagliflozin. Manyan gwaje-gwaje biyu na wannan dangin magani, da aka fitar da sakamakonsu a 2019 da 2020, tsayar da su aka yi kafin wa'adi saboda amfaninsu ga ƙoda ya riga ya bayyana. Suna da tsada, gaskiya. Kuma aikinsu shi ne zubar da suga ta fitsari, don haka mai shan su zai ga suga a gwajinsa, ya ga kiyashi a makewayi, kada ya firgita. Ya dai kula da tsarki da shan ruwa, ya kuma yi shawara da likita kafin azumi. Mai shan maganin suga metformin shi ma ya san cewa in eGFR ya sauka ƙasa da 45 ana duba yawan da yake sha, ƙasa da 30 kuma ana tsayar da shi.

Awon jini a nemi ya zauna ƙasa da 130 bisa 80. Gishiri kada ya wuce ƙaramin cokali ɗaya a wuni, kuma a lissafa da dunƙulen da ke cikin miya da wanda aka daka a yaji, don a gidajenmu nan gishirin yake ɓuya. Taba a bar ta.

Abin da ya fi ci mini rai shi ne maganin ciwon jiki. Mutum ya dawo daga kasuwa a gajiye, ya tsaya a kemis ya ce a yi masa haɗi, a zubo masa ƙwayoyi biyar a 'yar leda, biyu daga ciki diclofenac ne da ibuprofen. Ga mai suga da ƙodarsa ta fara yoyo, kullum ya sha yana ƙara yage rariyar ne, balle a ce da zafi ne kuma bai sha ruwa ba. In ciwo ya dame ka, farasitamol ya fi sauƙi ga ƙoda. Jiƙe-jiƙen da ake talla da lasifika a bayan mota kuwa, na basir da na shawara da na wankin ciki, ba wanda ya san abin da ke ciki ko yawansa, har mai sayarwar.

Wanda lambarsa ta haura 300, ko eGFR ya sauka ƙasa da 30, ko yake faɗuwa da sauri, ya nemi a tura shi wurin likitan ƙoda. Asibitin Koyarwa na Malam Aminu Kano da ke kan titin Zariya yana da sashensu, a can ma aka fara dashen ƙoda a Kano tun 2002. Zuwa wurinsu ba ya nufin za a ɗora ka a inji. Wanda ya je da wuri, aikinsu shi ne su nisanta shi da injin.

Bayan rasuwar Kawu na tasa Goggo a gaba, ƙanwar mahaifina da ke Gwammaja, ita ma shekararta bakwai da suga. Da farko cewa ta yi ita ba za ta ba ɗan cikinta fitsarinta ya duba ba, da kunya. Sai da na rantse mata wata abokiyar aikina ce za ta auna. Na farko ya fito 84, na biyu bayan wata biyu 71. Likitanta ya sa ta a losartan, muka yi yaƙi da dunƙule a tukunyarta, yaƙin da har yanzu ba a gama ba, don in na juya baya sai ta ƙara ɗaya. Na bara ya fito 38. Takardun duka suna cikin wani tsohon gwangwanin alawa tare da katin zaɓenta, a jere bisa kwanan wata, ba ta yarda kowa ya taɓa.

Shekaranjiya da daddare ta kira ni. Ko gaisuwa ba mu gama ba ta ce, "Ɗan nan, Salla ta wuce da mako biyu fa. Ka aiko yaro da robar nan, kuma ka ce masa ya sako ta a baƙar leda, kada ya bi layi yana nuna wa mutane."